'Yan Huɗun Kasuwar Shanu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban malamai da ɗalibai, hular zanna a kaina, sandar nuni a hannuna, na sanar da su cewa na gano abin da ba a taɓa ganowa ba a jinin shanun Borno. Ko yanzu in na tuna, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara daga gida. Mu asalinmu makiyaya ne. Kakana a bayan garke ya tsufa, kafin zama ya kawo iyayenmu Maiduguri, muka yada zango a unguwar Lamisula. Kawuna Jidda, wan mahaifiyata, dillali ne a kasuwar shanu, irin mutanen nan da za su kalli sa sau ɗaya su faɗa maka shekarunsa da inda ya sha ruwa. Ni kuwa Allah ya yi ni ɗan littafi. Ba na son hayaniya, ba na iya haɗa ido da mutane, shanu kuma (wannan ya tsaya tsakanina da ku) tsoronsu nake ji. Tun ina firamare Kawu yake kirana Farfesa, kuma ba yabo ba ne.

Shi ya sa da muka shiga shekarar ƙarshe a jami'a, aka ce kowa ya zaɓi aikin bincike, na zaɓi DNA ɗin jajayen shanun nan namu da ake kira wadara. A takarda na rubuta cewa ina son sanin yadda jininsu ya bambanta da juna. A zuciya kuwa burina ɗaya ne: in faɗa wa Kawu wani abu game da shanu wanda bai sani ba, ko da sau ɗaya ne a rayuwata.

Aikin ba shi da wuya a faɗe. Za ka tsigo gashin jelar sa tare da saiwarsa, domin a saiwar ƙwayoyin halittar suke. Ka sa a ambulan, ka rubuta lamba, a aika ɗakin gwaji, na'ura ta karanta wurare masu yawa a cikin DNA ɗin, ta faɗa maka wane sa ne ya yi kusa da wane.

"In raka ka?" in ji Kawu.

"A'a, Kawu. Aikin yana da ƙa'idoji."

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "To, Allah ya ba ƙa'idoji sa'a."

Mako huɗu na yi ina zuwa kasuwar. Kuma wallahi ba don yabon kai ba, littafina abin kallo ne. Kowane sa da layinsa: rana, lokaci har da minti, sunan mai shi, launin fentin da aka yi masa alama, da hoto. Wanda ya koya mana ya ce gashi kaɗan ya isa, amma ni mai gudun kuskure ne, sai in cika hannu. Abu ɗaya ne ban rubuta a ƙa'idojina ba, ko da yake na bi shi sau da ƙafa: ban taɓa zagawa gaban sa ba. A gaba ƙaho yake, a gaba kuma mai sa yake tsaye, yana jiran hira. Sai in lallaɓo ta baya, in yi sallama da muryar da ni kaɗai nake ji, a riƙe mini jela, in tsiga, in ɗauki hoto, in tambayi suna kaina a sunkuye, in wuce.

"Kai ba ɗan gidan Jidda ba ne? Wushe, sannu da zuwa! Gashin na asiri ne?" wani ya tambaye ni.

Na ce, "Na makaranta ne."

"Ai shi ma asiri ne," in ji shi, aka yi ta dariya.

Da sakamako ya dawo, na zauna gaban kwamfuta ina dubawa, sai na ga abin mamaki. A cikin ambulan arba'in, guda huɗu sun zo iri ɗaya sak. Ba kusa ba, sak, a duk wurin da na'ura ta karanta. Shanu huɗu, masu su huɗu, fenti kala huɗu, makonni daban-daban, amma jini ɗaya kamar an buga hatimi!

Na kai wa mai duba aikina, Dakta Saratu, 'yar Biu, mace mai magana a hankali. Ta sauke tabarau ta ce, "Ɗana, ka tabbata ba sa ɗaya ka tsiga sau huɗu ba?"

Raina ya ɗan sosu. Ni? Na buɗe mata littafina, na nuna mata layi-layi. Ga na Alhaji Goni mai jan fenti. Ga na Modu mai shuɗi. Ga na Ba'ana mai kore. Ga na Alhaji Bukar mai baƙi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To. Ka gabatar ranar Laraba, mu ji abin da jama'a za su ce." (Yanzu na gane wannan "to" ɗin. A lokacin na ɗauka na yi nasara.)

Kuskurena na gaba shi ne faɗa wa mahaifiyata. Kafin la'asar labari ya kai Bulabulin, gidan Kawu. Ranar Laraba ina shiga ɗakin taro sai na gan shi a layin gaba, cikin babbar riga, da sandarsa, da abokansa dillalai biyu, ƙamshin turarensu ya cika ɗakin. Maimakon in tsorata, daɗi na ji. Na ce yau ce ranar.

Na fara a ɗarare, amma da na shiga lambobi sai na ware. Na yi bayanin yadda shanu ke gadon rabin jini daga uwa, rabi daga uba. Na ce in har shanu huɗu na mutane daban-daban za su zo iri ɗaya, to alama ce auratayyar dangi ta yi wa wadara mummunar illa, kuma in ba a tashi tsaye ba, cuta ɗaya za ta iya share su. Har na ɗaga yatsa. Ni da ba na iya tambayar canji a Keke Napep!

Sannan na haska hotunan guda huɗu a jere a bango. Gindin sa huɗu, jela huɗu.

Sandar Kawu ta tashi sama.

"Malama, a yi mini afuwa, ni ban yi boko ba. Farfesa, karanto mini sunayen masu su, a jere yadda ka same su."

Na karanto da ƙarfin gwiwa. "Alhaji Goni. Modu. Ba'ana. Alhaji Bukar."

Ɗaya daga cikin abokan Kawu ya sa hula ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

"Goni ya kawo shi daga ƙauye," in ji Kawu, yana lissafawa da yatsu. "Ya sayar wa Modu. Modu ya riƙe shi mako ɗaya, ya ga cin dusarsa ya yi yawa, ya sakar wa Ba'ana. Daga Ba'ana zuwa Bukar kuwa ni da kaina na yi dillancin. Kowa ya saya sai ya goge fentin wani ya sa nasa. Sa ɗaya ne, ɗana. Mai karyayyen ƙahon hagu. Ba ka ga ƙahon ba?"

Duk aka juyo ana kallona. Me zan ce? Ban ga ƙahon ba. Ban ga ƙahon kowa ba.

Sai wata daga baya, cikin 'yan ajinmu, ta ce, "Ku dubi jelar!"

Kowa ya duba, har da ni. A hoton farko jela ce cikakkiya, mai tuntu kamar mafici. A na biyu ta ɗan rame. A na uku ta zama tsintsiyar da ta ga duniya. A na huɗu kuwa, bawan Allah, 'yan gashi ɗai-ɗai ne suka rage.

"Ashe kai ne!" in ji Kawu. "Bukar har magani ya saya, ya ɗauka ƙazwa ce."

Dariyar da aka yi, ina jin har bakin titi an ji ta. Wani malami da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai da ya share hawaye. Ni kuwa ina tsaye da sandar nuni, ina roƙon ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Dakta Saratu ce ta cece ni, bayan ta gama tata dariyar. Ta ce wa ɗalibai su lura da kyau: ambulan huɗu, a makonni huɗu, ba a gurɓata ko ɗaya ba, shi ya sa suka zo iri ɗaya. Hannun mai aikin yana da tsabta, idonsa ne ya je hutu. Za a ɗauki huɗun a matsayin ɗaya, in koma kasuwa in cike gurbin ukun.

A waje, ina ƙoƙarin sulalewa, Kawu ya riƙo hannuna.

"Tsaya. Wato na'urar taku, daga gashi kawai, ba ta ga sa ba, ba ta san Goni ba, ta ce sa ɗaya ne?"

"E, Kawu."

Ya jinjina kai. "Wannan ban san ana yi ba," in ji shi. Zuciyata ta yi fari, na ce ga shi dai na samu abin da nake nema. Sai ya ƙara da cewa, "Na'urar ta san shanu. A kawo ta kasuwa, kai kuma ka riƙa riƙe mata jaka."

Mako na gaba tare muka je. Kowane sa sai da ya sa na zaga gabansa, na kalle shi ido da ido, na gaisa da mai shi har da tambayar iyali. Na ci jarrabawa, kuma da maki mai kyau. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka ba duniya labarin asalin wani, ka daure ka zaga ka ga fuskarsa.