Darasin Insha'i a Gindin Kirya

Ba zan taɓa mantawa ba da wani hantsi da na yi a gindin kirya, ko da na so in manta, don yaran da aka yi abin a gabansu yanzu sun yi jikoki, kuma har yau ba su gaji da ba da labarin ba.

A shekarun saba'in ne, bayan farin nan da ya kashe shanu ya bar gonaki fayau. Na fito daga kwalejin horon malamai da zafina, aka tura ni wata firamare a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, aka ba ni aji shida in koya musu karatu da rubutu. Littattafan karatun ba su taka kara sun karya ba. Yara sai su yi cincirindo a kan guda ɗaya, kuma duk labarin teku ne da jiragen ruwa, ga yaran da babban ruwan da suka sani shi ne kududdufin bayan gari. In na ce a rubuta insha'i, sai a kawo mini layi biyu da zanen akuya.

Sai na ɓullo da tawa dabara. Na daina zaunar da su a aji, na riƙa fita da su. Mu je bakin rijiya su rubuta yadda guga yake daɗewa kafin ya taɓo ruwa. Mu je inda rairayi ya fara binne shingen gona su rubuta abin da suka gani, sannan kowa ya tashi ya karanta nasa da ƙarfi. Abin ya karɓe su, har masu zanen akuya suka fara cika shafi. Ni kuma kaina ya kumbura. Na ɗauki zancen itatuwa na ɗora wa kaina kamar ni aka bar wa amanar dajin ƙasar Gumel gaba ɗaya. Hedimasta ya taɓa ce mini, "Malam, a riƙa sassautawa, mutanen nan da itace suke tuwo." Na ce a raina tsufa ne ke damunsa.

A daidai lokacin kuma ina neman aure. Saude sunanta, 'yar wani dattijo ce, Malam Hashimu, a wata unguwa gabas da makaranta. Magana ta yi nisa, manya sun shiga, an sa rana bayan kaka. Sai dai ga inda gizo yake saƙar: ban san fuskar Malam Hashimu ba. Sau ɗaya aka kai ni gaishe shi. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na shiga zaure a duƙe, na tsuguna can bakin ƙofa, idona a kan tabarma har muka fito. Abokina Malam Sabo, wanda ya raka ni, shi ya yi duk maganar. Bayan nan kuwa, da an ce mini ga surukinka can tafe, sai in karya kwana da kekena in faɗa wani lungu. (Kowa yana yabona a kan haka, ana cewa malamin nan ɗan boko ne amma akwai kunya. Ni ma ina jin daɗin yabon.)

To, ranar da abin zai faru, na kwashi 'yan ajina muka nufi gonakin gabas, kowa da littafinsa da fensirinsa. Niyyata su rubuta bayanin inuwa. Muna cikin tafiya sai na ji sara, ƙwas, ƙwas. Muka karya kwana sai ga wani mutum da malafa da tsohuwar taguwa, ya duƙufa a kan wata kirya da gatari, har ya ci rabin gindinta. Gaskiya kiryar ta bushe ta gefe guda, amma ni a lokacin ba na ganin irin wannan. Abin da na gani kawai shi ne Allah ya kawo mini darasi har inda nake.

"Ku zauna," na ce wa yaran. "Yau za ku ga maƙiyin ƙasa da idonku."

Na taka har gabansa ko sallamar kirki ban yi ba. "Bawan Allah, me itacen nan ya yi maka?"

Mutumin ya ɗago, ya dube ni sau ɗaya, sai ya yi sauri ya janyo malafarsa ya rufe fuska, ya juya mini baya. Na ce a raina, ka ga mara gaskiya, ko ido ba ya iya haɗawa da ni. Na zagaya ta gabansa. Ya sake juyawa. Na sake zagayawa. Haka muka yi ta kewaya kiryar nan ni da shi kamar masu sussuka, ina zuba yana kau da kai.

Wata yarinya mai suna Asabe, wadda ta fi kowa iya rubutu a ajin, ta ɗaga hannu. "Malam, ai..."

"Shiru. Ba a sa baki in manya suna magana."

Ta sauke hannu. Ajin nan da ko sufeto ya zo ba ya hana su surutu, ranar ko tari babu mai yi. Na ɗauka kaifin bakina ne ya kama su, sai na ƙara wuta. Na ce masa irinsu ne suke jawo mana hamada har ƙofar ɗaki. Na ce da furfurarsa da komai ba ya tunanin abin da zai bar wa jikokinsa. (Jikokinsa fa. Ku riƙe wannan.) Na ce da ina da iko da na kai shi gaban ma'aikatan gandun daji da kaina. Mutumin ya jingine gatarin, ya tsaya yana kallon gabas yana murza gemu.

Da na gaji da kaina, sai na juyo wajen yaran. "Kowa ya rubuta abin da ya gani. Gaskiya zalla nake so, kada a rage komai, kada a yi wa kowa kara."

Suka duƙufa. Ban taɓa ganin suna rubutu da irin wannan himma ba, har da masu lasar bakin fensir. Da suka gama na ce Asabe ta tashi ta karanta nata da ƙarfi, don mai gatari ya ji yadda yara ƙanana suka fi shi hankali.

"Malam, a bar shi sai mun koma aji."

"Nan za ki karanta."

"Malam, don Allah."

"Asabe, kada ki bari in maimaita."

Ta miƙe, ta kare fuska da littafin, ta karanta tiryan-tiryan yadda na koya mata, tana tsayawa a kowace aya: "Yau mun je gonar Malam Hashimu baban Saude. Mun same shi yana saran kirya zai sassaƙa wa Saude turmin aure. Malaminmu ya yi masa faɗa sosai. Malam Hashimu yana jin kunyar malaminmu yana juya baya. Malaminmu ba ya jin kunyarsa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ƙafafuna suka yanke shawara ba da ni ba, na ji ni a tsugune. Na fara kiciniyar cire takalmi a tsakiyar gona, cikin ƙarangiya, kamar hakan zai mayar da abin da na faɗa cikin bakina. Na buɗe baki in yi gaisuwa, abin da ya fito shi ne, "An wuni lafiya?" alhali ko azahar ba ta yi ba. Malam Hashimu ya saɓa gatarinsa, bai ƙara dubana ba, ya ce wa yaran, "Ku gaida gida," ya yi tafiyarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk ajin sun sani tun daga saran farko. A hanyar komawa na ce, "Don me ba wanda ya gaya mini?" Asabe ta ce, "Malam, kai ka ce a yi shiru." Da na duba sauran littattafan, kowa abin da ya rubuta ke nan, kuma babu kuskuren rubutu ko ɗaya da zan huce a kansa. Ranar ce suka fi iya insha'i tun da na fara koyar da su.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Malam Sabo ya yi dariya har ya riƙe ciki, shi da ya san fuskar mutumin bai taɓa tunanin ya nuna mini shi ko daga nesa ba. Hedimasta kuwa, duk sanda muka haɗu sai ya tambaye ni lafiyar itatuwa. Amma abin ya wuce wasa. Ƙannen Malam Hashimu suka ce a mayar da kayan da aka kai, ba za su ba da 'yarsu ga wanda ya ci mutuncin yayansu a gaban yara ba. Na je zance, Saude ta aiko a ce mini tana daka. Na koma washegari, aka ce har yanzu tana daka. Na rame a tsaye, don ina son yarinyar nan ba kaɗan ba.

Dole na hau keke zuwa Gumel na faɗa wa Kawu Ila, wanda shi ne waliyyina. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Yanzu duk mutanen ƙasar nan ba ka ga wanda za ka yi wa wa'azi ba sai shi?" Ya zage ni son ransa, sannan ya sayi goro ya sa babbar riga muka taho. Ni aka bar ni a waje a rana, shi ya shiga zauren Malam Hashimu.

Da Kawu ya fito sai ya ce an haƙura, amma da sharaɗi. Malam Hashimu ya ce maganar yaron a kan itace gaskiya ce, shi ma yana ganin yadda gonar take tsirara. Tun da Allah ya ba shi suruki mai son itatuwa haka, to ya kawo dashen darbejiya ya jera masa a iyakar gonar, ya kuma shayar da su da hannunsa har ruwa ya sauka. Haka na yi ranin nan ina jan guga a rijiyar da na sa yara su rubuta zurfinta, ina ɗaukar tulu a ka, 'yan ajina suna wucewa suna ce mini, "Sannu da aiki, Malam." Wasu ma har tambaya suke ko a rubuta.

An ɗaura aure, an kawo amarya da turminta na kirya, kuma Malam Hashimu bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya koma ga Allah. Saude ce dai ba ta yafe duka ba. In na fara ɗaga murya a gida ina koya wa mutane yadda ake rayuwa, sai ta jawo turmin nan tsakar gida ta hau daka ko babu komai a ciki.

Na shekara talatin da wani abu ina koyarwa bayan nan, kuma abin da na riƙe bai wuce ɗaya ba. Duk ranar da na ga aji ya yi tsit ina tsakiyar zuba, ba na ƙara ɗauka iya maganata ce. Nakan tsaya in tambayi yaran wane ne a bayana.