Rasuwar Tikitin Dawowar Alhaji Ado

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da rumbu wanda babu komai a cikinsa, ni Ɗan Azumi, babban ɗan Alhaji Ado na Madarunfa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana don su yi dariya, rasuwar abin ƙaunata kuma gadona kaf, wato Tikitin Jirgi na dawowa daga Jidda zuwa Yamai. An tabbatar da rasuwarsa ranar Talata da hantsi a biro, wato ofishin kamfanin jirgi da ke Yamai, cikin watan Mayun 1974, yana da shekara biyar da 'yan watanni.

An haifi marigayin a farkon 1969 da kuɗin gyaɗar damina uku. Tagwaye ne, na zuwa da na dawowa. Na zuwa ya kai Babanmu Makka lafiya, ya gama aikinsa. Baba kuwa Allah ya karɓi abinsa a can, aka rufe shi a can, ba mu ga gawa ba balle kabari. Abokan tafiya suka kawo mana jakarsa, na dawowa yana kwance a ciki, ko lanƙwasa babu.

Ranar rabon gado abu uku aka ajiye gaban Liman: gonar bakin tafki, da sa da 'yan awaki, da wannan takarda. Ƙanena Ɗan Baba ya ce: "Yaya, mu raba gonar biyu, takardar a ajiye don tunawa." Ni kuwa na yi shekara huɗu a lakwal, makarantar boko, na iya karanta lamba. Na nuna wa Liman inda aka rubuta jika ɗari da ashirin zuwa da dawowa, rabi ke nan jika sittin, daidai da kuɗin gonar. Liman ya tambaye ni sau uku ko na yarda, sau uku na ce na yarda. Ɗan Baba ya ɗauki gona, ƙanwarmu Delu ta kora dabbobi, ni na sa jirgi a aljihu na taho gida ina jin tausayinsu.

Marigayin mai haƙuri ne. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya neman taki ko noman farko da na biyu. Fara ba ta taɓa shi ba, tsuntsu bai sauka kansa ba. Yana zaune cikin gwangwanin shayi, kuma duk shekara sai ya ƙara ƙiba, don da alhazai sun dawo nakan je in yi musu barka in tambayi kuɗin kujera, in raba biyu, in dawo in faɗa masa sabon matsayinsa. Mai kunya ne ƙwarai, ba a jin muryarsa sai an buɗe shi, ya ce ƙaras, a rufe ya ce ƙaras. Yana da jan baya mai shafa wa mutum launi a yatsa, kuma duk wanda ya zo ganinsa da wannan jan yake komawa gida.

Shi ya aura mini Balaraba. Mahaifinta ya juya shi, ya kalli hoton jirgin da ke bangonsa, ya ce yaro mai wannan ba ya rasa abin tuwo. Wani ɗan kasuwa daga Gabi ya taya shi da amalanke har da jakinta, na ce ya bar wasa da manya. Wani daga Safo ya zo da maganar damin gero arba'in, na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa. Masu cewa ai tikitin daga can yake zuwa nan, ni kuma ina nan, na sha ba su amsa cewa jirgin da ke dawowa shi ne mai zuwa, juya kujera kawai za a yi.

Ciwon ajali ya bayyana bayan farin bara. Gero ya ƙare, Balaraba ta fara dafa wa yara ganye zalla, ta ce: "Malam, in dai jirgin nan na da nama, yau ne ranar yanka shi." Na kai shi wurin wakilin kamfani a Maraɗi. Ya yi masa duba irin na likita, ya ce wannan sai Yamai. Na sayar da keken da nake kai kifi kasuwa da shi, na hau bayan kamyo, babbar motar kaya, kwana biyu marigayin na ɗaure a ƙirjina.

A Yamai wata mata mai tabarau ta gano masa cuta uku. Ta farko, sunan Alhaji Ado ke jikinsa, kuma ba mai hawa da shi sai Alhaji Ado da kansa. Ta biyu, kujera ba ta juyuwa. Ta uku, ransa shekara ɗaya ne tak daga ranar haihuwa. Ashe shekara huɗu gawa nake wa hira a cikin gwangwani! Na ce to, Hajiya, a ba ni kuɗinsa ko rabin rabi ne. Ta ce: "Malam, wallahi ko dala." A bakin tasha na miƙa wa mai gyaɗa ko za ta ƙulla ta dala ɗaya a ciki mu yi musaya, ta ce jan zai ɓata mata gyaɗa. A nan ne na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don sunan Baba ne nake tallatawa a titi ana ƙin saye.

Ya rasu ya bar gwangwaninsa, wanda yanzu gishiri ke ciki, da jakar kamfani mai yagaggen hannu, da fasfo mai hoton Baba; ya kuma bar ni, da Balaraba, da yara uku waɗanda har yanzu in jirgi ya wuce sukan fita da gudu su ce ga namu can.

Jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Liman ya ce ba a yi wa takarda salla, ya kuma roƙi a sanar da jama'a cewa sau uku ya tambaye ni. Ba za a yi sadakar uku ba, dalilin kowa ya sani. Masu zuwa ta'aziyya, kada a zo da goro, a zo da hauya, mai ɗan iri kuma ya ƙullo a bakin riga, tunda hadari ya fara haɗuwa.

Za a rufe shi a gonar bakin tafki, gindin gawo. Jiya na je roƙon wurin kabari kaina a sunkuye. Ɗan Baba ya ce in auna da kaina, duk faɗin da na auna shi ba zai shuka komai a wurin ba har abada. Marigayin dai bai wuce tafin hannu ba. Na auna taku ɗari gabas, taku tamanin arewa, na tsaya ban iya ɗaga ido ba. Ɗan Baba ya dubi inda na tsaya, ya ce: "Yaya, ƙara ashirin, kada a matse shi."