Rasuwar Firjin Ƙudajena Masu Farin Ido

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar ƙaramin firjina, wanda ya cika ranar Talatar makon jiya da azahar, ana zafin da ko kare bai fita ba, bayan gajeruwar jinya.

Marigayin bai taɓa sanyaya ruwan kowa ba. Mai gyara ya saita shi ba zafi ba sanyi, yadda ƙananan ƙudajen ayaba suke so. Wata huɗu yana kusurwar ɗakina riƙe da kwalabensu, yana gurnaninsa a hankali.

Asalin zumuncinmu wani ƙuda ne namiji mai farin ido da na kama a teburin ayabar Inna, cikin dubban masu jan ido. Malamar ɗakin binciken ƙwari, mai sayayya a wurinmu, ta duba shi ta ce: "Kawo mini zuri'ar da babu jan ido ko ɗaya kafin a rufe ɗaukar ma'aikata, in ba ka aiki. Ba zan tambayi takarda ba." Ni kuwa a aji uku na bar makaranta. Na taɓa faci, na taɓa ɗinki, ban cika wata biyu a ko'ina ba.

Marigayin ne ya zaunar da ni. 'Ya'yan fari duk jan ido suka yi, sai a jikoki maza farin ya dawo. Safe da yamma nake ware matan da suka fito kafin namiji ya kai gare su, don wadda ta sadu sau ɗaya ta riga ta ajiye irinsa. Inna takan ce: "Sa'o'inka na neman aure, kai kana aurar da ƙuda."

Da safiyar rasuwarsa na haɗa farare zalla, maza da matan da na ware, na zubar da sauran ƙudajen, na wanke tsofaffin kwalabe kamar yadda na saba. Da firjin ya yi "ƙar-ƙar" ya yi shiru, na buɗe na ga kowa da rai, mazan suna bin matan suna kaɗa fiffike ɗaya, rawarsu ta neman aure. Na yi hamdala, na ce gyara ya jira Asabar.

Kwana goma ban ga tsutsa ko ɗaya ta ƙyanƙyashe ba. Malama ta ɗaga kwalba ta ce: "Zafi ya kashe irin mazan. Rawar ce kawai ta rage musu." Jiya aka ba wani aikin.

Ya rasu ya bar ni, da Inna da ta daina tsokanata, da farare talatin da suke tsufa ba magaji. Har yanzu suna rawa.

Mai gyara ya ce injin ya ƙone, a bar shi ya huta. Za a ɗauke shi a baro gobe da hantsi zuwa wurin 'yan gwangwan. Ba za a yi zaman makoki ba, Inna na buƙatar mai jiran tebur.

Abin da aka rasa: firji ɗaya, zuri'a takwas, wata huɗu, aiki ɗaya.