Ranar da Aka Zolayi Minista Kure

A shekarar da dawar 'yan makaranta ta ɓace daga rumbun gwamnati, yaran Dajin Tsamiya sun yi ta karatu ciki yana ƙugi. Kowa ya san inda dawar ta shiga, don tun daga lokacin Minista Kure mai kula da rumbuna ya sake ɗinkin riguna har sau biyu. Malama Tasalla, tsohuwar jakar da ke shugabantar makarantar, ita ce ta kai ƙara. To amma alƙalin Kunkuru ne, wata bakwai ke nan yana neman shafin farko.

Akwai wata al'ada a dajin. Duk kaka ana yin Ranar Zolaya, a zaunar da wani babba kan kututture a tsakiyar dandali, mai barkwanci ya tone masa asiri tas, jama'a na shewa. Ƙa'idar ita ce, duk laifin da aka faɗa a wurin, idan waɗanda aka cuta suka yi dariya, ya zama wasa, babu alƙalin da zai ƙara saurarensa. Shi ya sa manyan dajin ke rububin a zolaye su.

Bana Kure ne ya samu kututturen, ya kuma ɗauko Biri Sha-Tafi, wanda ko gaisuwa ya yi sai an ƙyalƙyale. Abu ɗaya ya rage. Masu dawar yara ne, yara kuwa ba sa shiga dandali sai shugabar makaranta ta buga hatimi cewa wasan ya dace da su.

Aka kira Tasalla majalisa. Sarki Zaki na gyangyaɗi, Kure ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, yara su ne manyan gobe. Gwamnatinka mai adalci ta ƙudiri aniyar kai nishaɗi kowane lungu da saƙo. Ba za mu lamunci a bar yaro ko ɗaya a baya ba!"

Aka tafa. Kure ya matso kusa da ita, ya rage murya. "Malama, hatimi ne kawai. Makarantar da ta hana yara dariya kuwa, ai sai mu duba ko ta cancanci zama a buɗe."

Tasalla ta auna lamarin. In ta ƙi, a rufe makaranta. In ta yarda yaran suka dara, dawa ta tafi har abada. Ta ce, "Ranka ya daɗe, sai na ga wasan tukuna."

Washegari da hantsi Sha-Tafi ya yi mata gwaji a gaban Kure. Kai, birin nan gwani ne! Ya kwaikwayi tafiyar Kure, ƙugu a ƙasa. Ya yi tuntuɓe ya wuntsila. Ya saki tusar ƙarya da hammata, ya ce jawabin minista ke nan. Ita kanta Tasalla sai da ta danne bakinta. Yana tsakiyar wannan ya jefo zancen dawa a guje, yadda dariyar tusa za ta haɗiye shi.

Shekara talatin tana koyar da yara, ta san abin da ke ba su dariya sarai. Sai ta tsuke fuska ta ɗauki alƙalami.

"Tusa rashin kunya ce, a cire."

Kure ya gyaɗa kai. "Ƙwarai, Malama. Tarbiyya ita ce kan gaba a manufofinmu."

"Kwaikwayon tafiyar babba raini ne. Wuntsilawa kuma, yara za su gwada su karye."

"A cire, a cire!"

Sha-Tafi ya zaro ido. "Haba Malama, to me ya rage mini?"

"Zancen dawa," in ji Kure da sauri. "Shi dai kada a taɓa."

"Ba zan taɓa ba," in ji Tasalla. "Babu batsa a ciki." Ta buga hatimi. Kure ya fita yana yabon dattakonta, har da alkawarin lambar girma.

Ranar Zolaya, bayan azahar, dandali ya cika. Aka jera yara a sahun gaba: 'yan awaki, 'yan zomaye, 'yan jakuna masu manyan kunnuwa. Kure ya hau kututture yana ɗaga wa jama'a hannu. Tasalla ta tsaya a bayan ɗalibanta, ta kafa musu ido, don yaro ba a rantse masa. Ko hular birin ce ta faɗi, shi ke nan an gama da ita.

Sha-Tafi ya fito ya tsaya ƙiƙam, don an hana shi motsi. Ya duba takardarsa, layi biyu ne suka tsira.

"Jama'a, ga Minista Kure. Shi ne ya kwashe dawar 'yan makaranta ya musanya da nama."

Ya dakata inda aka saba darawa. Yaran suka zuba masa ido, suna jiran ya ci gaba, yadda suke jiran Malama idan ta soma darasi. Iyaye, waɗanda suka saba ƙyalƙyalewa da zarar kurayen minista sun waiwayo, suka dubi ƙeyoyin 'ya'yansu, dariyar ta maƙale musu a wuya.

Kure ya fashe da dariya shi kaɗai, ya ƙara, ya riƙe ciki, yana yafito yaran da hannu. Babu wanda ya taya shi. Can sai dariyar ta sirance ta koma tari.

Shirun ne ya tashi Sarki Zaki daga barci. Ya dubi dandali, ya ce, "An gama? An yi dariya?"

Daga gefe sai aka ji ƙarar takarda. Alƙali Kunkuru ne ya buɗe shafin farko.