Ƙwaron da Ba Ya Jin Magani

A makarantar 'yata Hafsat, nan Jos, ba hadda ake yi ba. Aiki ɗalibai suke haɗawa su nuna wa alƙalai. Ranar nuni na isa da wuri, na sha babbar riga. Na hango sitiroberi jajir a faranti, na ce lallai makarantar nan ta san darajar iyaye. Na cinye tas, har ina yi wa malamarsu godiya.

Ta ɗora hannu a ka. "Alhaji, girbinsu ke nan na zangon nan! Da ruwan dogon yaro suka tsare shi daga ƙwari."

Alƙalai suka tarar da faranti wayam. Hafsat ta ce musu, "Maganinmu ya kori kowane ƙwaro, ban da Babana."

Har yau in an sauke tukunya, uwarta sai ta ce, "Ku rufe, wannan ba ya jin magani."