Dakta Ɗari-Bisa-Ɗari da Motar Laraba

Allah ya yi wa Azare baiwa da Dakta Sha'aban Kawu. Ba a taɓa ganin ya duba marar lafiya ba, amma kada a ga laifinsa. Daktancinsa na taron ƙara wa juna sani ne, kwana tara a otel, har da hoto. Abin sauraren ƙirji kuwa ba ya barin wuyansa ko a wurin ɗaurin aure, don ilimi ba ya hutu.

Da wani kwamitin lafiya ya nemi mai binciken yadda za a kyautata wa masu ciwon zuciya a ƙasar Katagum, Dakta bai jira a wahala wajen nemansa ba. Maganar ta mota ce, wadda take kai magani wani ƙaramin asibiti a gefen Sakwa duk Laraba. Ko a bar ta, ko a janye ta.

Ya isa asibitin, aka kafa masa kujera a inuwa, marasa lafiya suka yi layi a rana. Tambayarsa ɗaya tak.

"Baba, yaya jiki?"

Malam Gidaɗo, tsohon makiyayi da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi su, sai da ya huta sau uku tsakanin ƙofa da kujerar. Ya sunkuyar da kai.

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Dakta ya rubuta: ya warke.

Suwaiba, ma'aikaciyar jinyar wurin, ta matso. "Ranka ya daɗe, dattijon nan ko wuƙa aka sa masa ba zai yi kuka gaban baƙo ba. Mu ma wa ya taɓa cewa babu sauƙi? A bari in auna su. Motar nan ita ke riƙe da shi."

"Yarinya, ni kimiyya na zo yi. Abin da baki ya furta shi ne hujja."

Mutum tamanin da huɗu ya tambaya, tamanin da huɗu suka samu sauƙi. Likitocin duniya na ta fama, Dakta ya kawar da ciwon zuciya kafin azahar. Tun daga ranar ake kiransa Ɗari-Bisa-Ɗari, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Ranar gabatar da rahoto ya zo da babbar riga ninki uku, bayan ya yi wa ƙwaryar masa da romon kai adalci. Fankam-fankam dai ba shi ne kilishi ba, amma yana cika zaure.

"Ya shugaba, a janye motar. Mutanena sun warke, da bakinsu suka..."

Sai ya dafe ƙirji. Gumi ya keto masa, hula ta yi gabas, Dakta ya yi ƙasa. Suwaiba, wadda ita ma ta halarci taron, ta zare abin sauraren daga wuyansa. Ranar ce abin ya fara aiki tun da aka saye shi.

Shugabar kwamitin, Hajiya Ya Gana, ta sunkuyo. Jama'a sun kewaye, masu ɗaukar hoto sun matso.

"Sannu Dakta. Yaya jikin?"

Dakta ya dubi mutane, numfashi na fita da ƙyar.

"Da sauƙi."

Hajiya ta dube shi a kwance, ta dubi rahoton, ta kife shi a kan tebur.

"Suwaiba, mutum nawa kika ce suna jiran motar?"

"Tamanin da huɗu, Hajiya. Yanzu da biyar."

Motar na nan tana zuwa duk Laraba. A layi, Malam Gidaɗo yakan matsa wa Dakta wuri a inuwa, ya kuma gaishe shi da jiki.