Ranar da Aka Ba Ni Agogon Tsere

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗora mini agogon tsere a hannu ba, ko da zan so mantawa, mutanen Difa ba za su bari ba. A lokacin ina koyar da lissafi a wata lise, wato makarantar sakandare, ta garin, ban daɗe da zuwa daga Damagaram ba, kuma ina ji da kaina ƙwarai.

Shekarar nan ƴan matanmu sun yi abin a zo a gani. Mushe Daniyel (Mushe muke ce wa malami namiji, daga Faransanci), malamin wasanni, wani dogon mutum ɗan Dogondutsi, shi ya tattara su tun farkon shekara. Suna atisaye bayan la'asar a filin bayan azuzuwa, filin da rabinsa yashi ne, rabi ƙaya. Akwai wani bango kusa da ofishin shugaban makaranta inda ake rubuta sunan duk wadda ta kafa tarihi, da abin da ta yi. Kafin sanyi ya wuce, an goge layi uku an sake rubutawa: Bintu ta ɗauke na dogon tsalle, Fanna ta ɗauke na jifan ƙarfe, ƴan gudun miƙa sanda su ma suka yi nasu. Layi ɗaya ya ƙi motsi, na gudun mita ɗari huɗu. Mai shi ta daɗe da gama makarantar, har ta zama ungozoma tana da ƴaƴa.

Wadda muke sa rai da ita ita ce Yagana, ƴar ajin ƙarshe, shiru-shiru, siririya kamar karan dawa. Iyayenta suna zaune a Asaga tun lokacin da rikici ya taso su daga ƙauyensu na bakin Komadugu, ita kuma tana wajen gwaggonta a cikin gari saboda karatu. Wannan ce gasar ƙarshe ta shekara, kuma shekararta ta ƙarshe.

Da safen Mushe Daniyel ya ce yana neman wanda zai tsaya a layin ƙarewa da agogo, tunda shi zai ba da alamar tashi. Kafin kowa ya buɗe baki na miƙa hannu.

"Kawo nan, Mushe. Aikin lamba ai namu ne."

"Madam, sau biyu kawai za ki danna," in ji shi. "In na buga katako, sai kuma in ta taka layi."

"Haba Mushe, ni za ka koya wa ƙirga biyu?" (Allah Ya shirye ni, har da dariya na faɗe ta, gaban shugaban makaranta da iyayen yara.)

Ya buga katako, na danna. Wannan kam na yi shi daidai, ina so a shaida.

Su biyar suka tashi. Kafin rabin fili Yagana ta bar su a baya. Da ta shawo kwanar ƙarshe, hijabinta ɗaure a ƙugu, ƙafa ba takalmi, fili ya kaure da ihu. Na ji wata mata tana kururuwa kamar gidanta ya kama da wuta: "Yagana, taho! Taho, ƴar albarka!" Ashe ni ce. Ban san lokacin da na bar layin ba. Na tare ta tun daga nesa, na juyo muka taho tare, zani a tattare, takalmi ɗaya ya yi gabas, ɗankwali ya yi yamma. Ta taka layi ta zube, na faɗa kanta na rungume ina guɗa.

Muna cikin haka Mushe Daniyel ya iso yana haki, littafinsa a buɗe, biro a hannu.

"Madam, nawa?"

Na duba hannuna. Agogo yana nan yana aikinsa tsakani da Allah: minti uku da wani abu, yana kuma ci gaba.

Shugaban makaranta ya leƙo, ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙowa. Can daga baya wata mara kunya ta ce, "Madam, har yanzu Yagana tana gudu ne?" Fili ya fashe da dariya. Na danna agogon a lokacin (ban san amfanin me ba), na yi fatan yashin nan ya buɗe ya haɗiye ni.

Mushe Daniyel bai yi dariya ba. Ya ce kowa ya ga ta wuce tarihin, amma ba a rubuta "kowa ya gani" a bango. Sai an sake, Asabar mai zuwa, in sauran sun yarda su yi mata rakiya. Suka yarda nan take. Yagana ta miƙe tana kakkaɓe yashi, idonta ya cika da hawaye.

"Ba komai, Madam. Sai dai Baba. Ya ce daga yau gudu ya ƙare, sai jarrabawa."

Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. Washegari na hau mota zuwa Asaga. Na sami mahaifinta, Ba Modu, yana juya jan tattasai da aka shanya a tabarma. Muka gaisa, na fara kame-kame. Ya katse ni da Hausarsa mai ɗanɗanon Barbarci.

"Malama, ke ce mai agogo?"

Na sunkuyar da kai na ce ni ce.

"Jiya na bar tattasaina na je. Na gan ki. Ke ma kin yi gudu. Ke ce ta biyu."

Matan gidan suka tuntsire a bayan zana. Na ce, "Ba Modu, laifina ne, kada ya shafi yarinya. A ba ta Asabar ɗaya."

Ya daɗe yana juya tattasai kafin ya ce, "Yarinyar nan tana ƙarama muka yi gudun da ba mu so. Jiya na ga tana gudun da take so, mutane suna kiran sunanta. Ta je. Amma a ba wani agogon."

Aka kuwa ba wani. Da Asabar ɗin ta zo, malamai uku suka tsaya a layi, ɗaya da agogo, biyu da wayoyinsu. Ni aka zaunar da ni a benci can gefe, aka tara mini takalman yara na yi gadi, Fanna mai jifan ƙarfe tana riƙe da gefen mayafina don kada na tashi. Yagana ta rage kusan sakan biyu daga tsohon tarihin, dukan ukun suka shaida. Da yamma aka kira mai fenti, ya goge layin nan na ƙarshe ya rubuta sunanta, Ba Modu yana tsaye yana sa a karanta masa harafi-harafi. Na yi kuka ba tare da na ɓoye ba.

Abin da na koya shi ne, mai riƙe agogo bai kamata ya zama yana da ƴa a fili ba, ni kuwa duk ƴan matan nan ƴaƴana ne. Har na bar makarantar ban sake neman wani aiki ranar gasa ba in ban da ihu, kuma a nan ba a taɓa kama ni da kuskure ba.